Motata Tana Mutuwa In Na Taka Totur: Ta Ina Za A Fara Bincike?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 1994, 'yar Kwatano, inji 1.6 mai injeta, giyar hannu. Bugu ɗaya take tashi, silo ɗinta kuma lafiya lau. Amma da na hau titi na taka totur da ƙarfi, musamman in zan wuce babbar mota ko in na ɗauko kaya, sai ta riƙa shaƙewa, wani lokaci ta mutu gaba ɗaya. In na jira minti biyu ko uku sai ta sake tashi. An canja filogi, an wanke nozul, an ƙara mata silo, ba ta daina ba. Yanzu bakanike ya ce in sayo birenbos. Me kuke gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata tukuna da sayen birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. A cikin abubuwan da ke kawo wannan matsala, yana cikin masu tsada, kuma shi ne ya fi ƙarancin zama mai laifi. Daga bayanin da ka yi, zargina ya fi ƙarfi a kan hanyar mai, wato famfon da ke cikin tanki, rariyarsa, da filtar mai. Amma zargi daban, tabbaci daban, kuma duk abin da zan ambata a nan ana iya auna shi kafin a kashe ko sisi a kan sabon kaya.

Ka fara da fahimtar dalilin da ya sa kyawun silo ba ya wanke komai daga zargi. Injin motarka, wanda Toyota ke kira 4A-FE, in yana tsaye yana silo, ba ya shan fetur da ya kai lita 1 a awa. In ka taka totur har ƙasa a kan titi, buƙatarsa tana haura lita 20 a awa. Haka wuta: in totur a rufe yake, iska kaɗan ce ke shiga silinda, tartsatsi mai rauni ma yana tsallake bakin filogi. In ka buɗe totur silinda ta cika, matsi ya ƙaru, sai an sami wuta mai ƙarfi kafin ta tsallaka. Saboda haka famfon da ya gaji ko kwayil da ya tsage zai yi silo mai daɗi a gareji, bakanike ya ce ta gyaru, ka fita titi ta kunyata ka. Jaki mai ciwon ƙafa ba a gane shi a turke, sai an aza masa kaya. Duk gwajin da ba a yi shi da inji cikin nauyi ba, rabin gwaji ne.

Yanayin mutuwar ma yana faɗin abu da yawa, don haka ka lura da kyau a fita ta gaba. In da taka totur, cikin daƙiƙar farko, injin ya yi kamar zai ɗauke sannan ya farfaɗo, wannan ya fi kama da na'urar da ke gaya wa birenbos an buɗe totur. In kuwa motar ta ɗauka da kyau, sai bayan daƙiƙa biyar ko goma ƙarfinta ya riƙa zubewa a hankali, in ka ɗaga ƙafa ta ɗan dawo, to mai ne ba ya isa, ko salansa ta toshe. In kuma ɗaukewa take yi farat ɗaya kamar an murɗe makulli, wuta ce. In motarka tana da agogon juyin inji a dashbod, ka dube shi lokacin da abin ke faruwa. Allurar ta faɗi sifili nan take alhali mota tana cikin giya tana tafiya? Wutar distirbuta ce ta yanke. Allurar tana sauka a hankali tare da gudun motar? Wuta tana nan, mai ne babu.

Kafin a kwance komai, a tambayi motar da kanta. Irin wannan Corolla ba ta buƙatar a jona mata kwamfutar gwaji. A cikin bonet akwai wani ɗan akwati da aka rubuta DIAGNOSIS a murfinsa. Da inji a kashe, a haɗa ramin TE1 da E1 da guntun waya, a murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ba tare da an tayar ba, sai a ƙirga ƙiftawar fitilar inji. In tana ƙiftawa bai ɗaya ba tsayawa, babu laifin da aka ajiye. In ta ƙifta sau ɗaya, ta ɗan tsaya, ta ƙifta sau huɗu, lamba 14 ke nan, matsalar wuta. Lamba 12 tana nufin saƙon juyin inji daga distirbuta ba ya zuwa, 22 na'urar zafin ruwa, 31 na'urar auna zuƙar iska, 41 na'urar totur. Sai dai ka sani, birenbos ɗin wannan mota ba ya ganin matsin mai ko kaɗan. Famfo zai iya kusa mutuwa fitila ba ta ce komai ba. Kuma in an cire kan batir a gareji, lambobin sun goge, sai an sake fita da motar ta yi halinta.

Yanzu hanyar mai, inda nake so a fi daɗewa.

Gwaji na farko kyauta ne. Da zarar ta mutu, ka sauka ka buɗe murfin tanki a hankali kana saurare. Ɗan huci kaɗan ba komai ba ne. Amma in ka ji tanki ya zuƙi iska da ƙarfi, kuma motar ta tashi nan take ta yi tafiya mai nisa lafiya, to hanyar numfashin tanki ce ta toshe. Famfo yana jan mai, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har ya kasa ja. Jiran minti biyu da kake yi ya ishi iska ta ɗan shiga.

Na biyu, ka cika tanki ya wuce rabi ka sake gwadawa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutane da yawa sun koma zuba lita uku ko biyar, allura kullum tana kwance. Wannan yana cin famfo, domin fetur ɗin da yake nutse a ciki shi ke sanyaya shi. Bayan haka, in mai kaɗan ne, da ka taka totur sai ya kwarara bayan tanki, bakin famfo ya zuƙi iska. Tankin da ke zama wayam kuma yana tara raɓa a ciki, raɓa ta kawo tsatsa. In matsalar ta ragu sosai da cikakken tanki, ka san inda za ka nufa.

Na uku shi ne gwajin da ke raba gardama: a ɗaura gejin matsin mai. Kafin a kwance kowane bututu a sauke matsin da ke ciki, ta hanyar cire soket ɗin famfo a bar inji ya ci sauran man har ya mutu, a kuma nannaɗe mahaɗar da tsumma. Ba sigari, ba mai walda a kusa. A ɗaura gejin a mafitar filtar mai. A cikin akwatin nan na DIAGNOSIS, in aka haɗa +B da FP aka murɗa makulli, famfo zai yi aiki ba tare da an tayar da inji ba. Ya kamata geji ya nuna tsakanin 2.7 da 3.0 a ma'aunin "bar", wato psi 38 zuwa 44. In inji yana silo da ƙaramin tiyon regileta (na'urar da ke daidaita matsin mai) a jone, zai sauka zuwa tsakanin 2.1 da 2.6, in aka zare tiyon ya koma sama. Bayan an kashe inji, matsin ya tsaya sama da 1.5 na tsawon minti biyar. In ya zube da sauri, ko dai bawul ɗin cikin famfo, ko regileta, ko wani nozul yana ɗiga.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a tsaya a nan. Famfo mai rauni yana iya nuna 2.5 a silo. A yi amfani da geji mai dogon tiyo, a fito da shi ta gefen bonet a manne a gilashin gaba daga waje, mutum ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana kallo, a sami titi marar cunkoso a taka a giya ta uku. A mota mai lafiya, da an buɗe totur allura tana ɗan hawa ta tsaya cak wajen 3. In ta fara gangarowa, 2.5, 2, 1.5, daidai lokacin da mota ke shaƙewa, magana ta ƙare, mai ne ba ya isa. Saura a gano wane ne ya tare shi.

A fara da filta, don ita ce mai araha. Tana cikin bonet a jikin bangon da ya raba inji da ɗakin fasinja, a ƙasa, wurin da hannu ba ya kaiwa da sauƙi, shi ya sa za ka ga an canja filogi sau biyar ita ba a taɓa ta ba. A cire ta a zazzage ta baya cikin kwalba mai haske. Jan ruwa mai tsatsa ko baƙin laka ya ishe ka shaida. A sa sabuwa. Kada ka yarda a hura ta da iska a mayar, kuma kada ka yarda a cire ta a haɗa bututu kai tsaye, domin dattin da take tarewa nozul zai tafi. A bar abin da aka zazzago ya kwanta na ɗan lokaci: in akwai ruwa a cikin man za ka gan shi ya taru a gindin kwalba, fetur yana samansa. Mai sayen mai a jarka wurin 'yan bumburutu ya fi kowa haɗuwa da wannan.

In an canja filta matsin bai dawo ba, a matse tiyon roba da ke mayar da mai tanki na daƙiƙa biyu kawai. In allura ta yi tsalle sama, famfo yana da ƙarfi, regileta ce ke sakin mai. In ba ta motsa ba, a nufi famfo. Amma kafin a yanke masa hukunci, rewaya ya auna wutar da ke isa soket ɗinsa yana cikin aiki. In inji yana tafe batir zai nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5, kuma abin da ke isa famfo bai kamata ya gaza wannan da fiye da bolt 1 ba. Tsohuwar waya, rile mai ƙonannen baki, ko wayar at (wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota) da ta yi tsatsa suna iya rage wutar zuwa 10, lafiyayyen famfo ya zama kamar gajiyayye. An sha zubar da famfo mai kyau saboda wannan, a sa sabo, matsala tana nan.

In wuta ta cika, a ciro famfon, a yawancinsu ta ƙarƙashin kujerar baya ake kai masa. Dubi rariyar da ke bakinsa. Ita ce ta fi dacewa da labarin da ka bayar: famfo yana ja da ƙarfi, dattin tanki yana taruwa ya lulluɓe rariya, mai ya yanke, mota ta mutu. Da famfo ya tsaya, dattin ya saki ya koma ƙasa, bayan minti biyu ta tashi kamar ba ita ba. A duba kuma ɗan guntun tiyon da ya haɗa famfo da bututun ƙarfe a cikin tanki. In ya tsage, rabin man a cikin tanki yake zubewa, ba kuma za ka ga ɗigo a ƙasa ba. In an tarar da tsatsa, sai an sauke tanki an wanke, in ba haka ba sabon famfon ma ba zai daɗe ba. Wajen saye a tabbatar na mota mai injeta ne mai ba da matsin da aka ambata. A matsayin ma'auni na gaba ɗaya, famfo mai lafiya yana zuba kusan rabin lita cikin daƙiƙa 30.

To in geji ya tsaya cak a 3 amma mota tana shaƙewa fa? Ka wanke mai daga zargi, ka koma wuta.

A wannan inji kwayil a cikin distirbuta yake, yana shan zafi shekara da shekaru. A buɗe murfin distirbuta a duba da haske mai kyau. Ana neman siririn layi baƙi ko fari kamar zanen fensir a jikin kwayil, a cikin murfi, ko a kan rota. Hanyar da wuta ta haƙa wa kanta ke nan, kuma in matsi ya yi yawa a silinda nan take bi ta gudu maimakon ta tafi filogi. In an ga baƙin mai a ciki, sil ɗin sandar distirbuta ya mutu. Wayoyin filogi a auna su da mita, kowace kada ta wuce om 25,000. Tartsatsi kuma ya iya tsallake kusan milimita 12 a sarari, shuɗi mai ƙara. Jingina filogi a jikin inji a ga ɗan ja-jan tartsatsi a ce "akwai wuta" ba gwaji ba ne. Da daddare a tayar da inji a fesa wa wayoyin ruwa kaɗan kamar raɓa, in suna yoyon wuta za ka gani da idonka. Sababbin filogin da aka sa ma a ciro a duba: fari fat yana nuna ƙarancin mai, baƙi mai toka yana nuna mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. A kuma tabbatar ba jabu ba ne, don sun cika kasuwa.

Akwai wani abu da ake mantawa. In ka taka totur, inji yana ɗan karkata a kan kujerunsa. In robar kujerar inji ta yanke, karkatar tana yawa har ta ja wayar at ko soket ɗin distirbuta. A ja birkin hannu, a taka birki, a sa giya ta ɗaya a ɗan saki kuloci, wani yana tsaye a gefe, ba a gaba ba, yana kallon yadda inji ke ɗagawa. Sannan da inji yana silo a bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ana girgizawa. Wadda ta sa inji ya yi tuntuɓe, ita ce.

Na'urori biyu ne suka fi shafar lokacin taka totur. Ta farko tana jikin maƙogwaron totur. A jona mita tsakanin wayoyinta masu suna VTA da E2, a buɗe totur da hannu sannu a hankali. Karatun ya tashi daga wajen rabin bolt ya hau sumul har kusan 4. In ya yi tsalle ko ya faɗi a wani wuri, ta cinye a nan, kuma galibi a daidai inda ƙafar direba ta saba zama. Ta biyu ita ce mai auna zuƙar iska, tana jikin bango da siririn tiyo zuwa manifol. In tiyon ya tsage za ka ga baƙin hayaƙi da shan mai, in ya toshe da datti sai saƙo ya riƙa makara. Masu motocin da ke da mitar iska a bayan akwatin iyakilina (matatar iska), irin Nissan Primera da Mazda 626, su duba babban tiyon roba mai lanƙwasa da ke tsakanin mitar da totur. Yakan tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, in inji ya karkata tsagar ta buɗe, iskar da ba a auna ba ta shiga, mota ta mutu. Iyakilina kanta, bayan ƙurar hunturu, a ɗaga ta a rana: in haske ba ya ratsa ta, a canja.

Salansa kuma tana toshewa, musamman in abin nan mai tace hayaƙi a cikinta, wanda makanikai ke kira indomi, ya narke ko ya farfashe. Alamarsa mota ta yi nauyi, ta ƙi wuce wani gudu, kuma abin ya ƙaru in ta yi zafi. Da gejin zuƙa a jikin manifol, silo mai lafiya yana nuna inci 17 zuwa 21. A riƙe inji a juyi 2,500 a minti: in allura tana ta sauka a hankali, hayaƙi ba ya samun mafita. In babu geji, a sassauta mahaɗar salansa ta gaba a yi 'yar gajeriyar tafiya. In ƙarfi ya dawo, an gano. Taimin kuma a saita shi da fitilar taimin, digiri 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa, da TE1 da E1 a haɗe, ba da kunne ba. Ƙarin silon da aka yi maka a mayar da shi yadda yake. Bai gyara komai ba, ɓoye alamar kawai ya yi, yana kuma ƙara maka shan mai.

Ga masu karatu da motarsu mai kafireta ce, irin Peugeot 504, Golf 2 ko tsohuwar Nissan Sunny, tunanin ɗaya ne amma wurin dubawa ya bambanta. Da inji a kashe, a cire iyakilina, a leƙa maƙogwaron kafireta a ja totur da hannu sau ɗaya da sauri. Dole a ga siririn fetur ya tsarto da ƙarfi. In babu, ko ɗigo kawai yake yi, ɗan famfon totur ya mutu, ko fatarsa ta yage ko bakinsa ya toshe, kuma wannan shi ne sanadin da ya fi yawa in mota tana mutuwa da taka totur nan take. Kada a taɓa leƙawa inji yana aiki, wuta tana iya dawowa ta fuska. In kuwa sai an yi ɗan nisa take shaƙewa, a duba tsayin mai a kwanon kafireta, babban jet, da famfon jikin inji, wanda matsinsa bai wuce 0.2 zuwa 0.3 a ma'aunin "bar" ba. Jet da iska ake hure shi, in aka zura masa waya ramin zai faɗaɗa. A sansana sandar gejin baƙin mai, in tana warin fetur fatar famfo ta huje. A zafin Afrilu kuma fetur yana iya tafasa a bututun da ya kusanci manifol ɗin hayaƙi, famfo ya riƙa jan tururi, sai a nisanta bututun ko a naɗe shi. A Golf 2 a girgiza kafireta da hannu, domin robar da take zaune a kai tana yawan tsagewa. A masu kwantak, tazarar bakinsa wajen milimita 0.4 ce, a kuma duba siririyar wayar da ke cikin distirbuta. Farantin da kwantak ke kai yana motsi duk lokacin da aka taka totur, in wayar ta karye a cikin rigarta sai ta riƙa yankewa a daidai wannan lokacin.

Birenbos yana lalacewa, ba a ce ba ya yi ba. A Toyota na shekarun 1990 ƙananan kwandansan da ke cikinsa sukan tsufa su zubar da ruwa a kan allon. Amma sai matsin mai ya tsaya daidai a kan titi, wuta ta yi ƙarfi, na'urori sun ba da karatu mai kyau, wutar da ke shiga birenbos ɗin da wayoyin at ɗinsa duk an auna, sannan a zo kansa. A kwance shi a buɗe murfin a duba gindin kwandansan, ko akwai jiƙa, kore-kore, ko wari. In an gani, mai gyaran rediyo da ya ƙware yana iya canja su da kuɗi kaɗan in allon bai ci ba. In sayen ya zama dole, ko a Ƙofar Ruwa ko a wata kasuwar, ka tafi da naka a hannu, lambar da ke jikinsa mai farawa da 89661 ta yi daidai da ta wanda za a ba ka har ƙarshe, kuma ku yi sharaɗi da mai kaya a gaban shaida cewa in an ɗaura an hau titi matsalar ba ta tafi ba, zai karɓi abinsa ya mayar maka da kuɗinka.